Kafin a Sa Rana: Tafiya Zuwa Wudil

Duk wanda ya saba bin hanyar Maiduguri daga Kano ya san Wudil da gadarta, da kasuwarta ta Juma'a, da soyayyen kifin da ake miƙo wa fasinja ta tagar mota. Ni kuwa wannan karon wata tambaya ce ta kai ni. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano. Dokar ta ce ba za a ɗaura aure ba sai an nuna takardar gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta, da kuma jinotayif, wato gwajin da ke nuna ko mutum yana ɗauke da gadon sikila a jininsa. Jami'an gwamnati sun yi bayani a rediyo, malamai sun yi a kan mumbari, likitoci ma sun faɗi nasu. Waɗanda ban ji bakinsu sosai ba su ne masu auren kansu, samari da 'yan mata. Na zaɓi Wudil domin gari ne da ya tara matasa iri biyu: ɗan gari mai haƙar yashi a kogi ko dillanci a kara, da ɗalibin da karatu ya kawo shi daga nesa.

Na hau mota a Unguwa Uku da sassafe. Lokacin hunturu ne, hazo ya lulluɓe gari, kowa a cikin motar ya naɗe kansa da rawani ko mayafi. Muka bi ta Hotoro, muka wuce Mariri inda ake sauke huhunan goro daga Kudu, sai gidaje suka fara ja da baya, gonaki suka buɗe. An gama girbi, karan dawa ne kawai a tsaye. Tafiyar kimanin kilomita 40 ce, amma ran Juma'a takan yi tsawo, domin tun daga nesa za ka fara haɗuwa da akori-kura cike da awaki, da tirelolin da suka zo lodin shanu.

Daga kan gada ake fara ganin garin. Kogin ya ja baya saboda rani, tsibiran yashi sun fito, kwalekwale suna kai da kawowa. Wannan ruwan ne ke gangarawa Haɗeja. A gefen titi ga masu tukwane da tuluna sun jera kayansu, ga matan Fulani da ƙwaryar fura da nono. Wudil ƙasar Joɓawa ce, gidan Makaman Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Makarantar horar da manyan 'yan sanda da aka kafa a 1988 ta dawo nan daga baya, a 2001 kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha ta buɗe a kan hanyar Gaya, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022. Tsohon gari da sabon ilimi ke nan a zaune wuri ɗaya.

Na fara da kara, domin ba a zuwa Wudil ran Juma'a a ƙi leƙa ta. Ƙura ta tashi sama, kukan shanu ya haɗu da na dillalai. Ga fararen bunaji, ga jajayen rahaji masu dogon ƙaho, ga bokoloji masu doro. Samari ne ke riƙe da igiya, su ke kora, su ke lodi. Da rana ta ɗaga na gangara bakin kogi, na samu teburin wani mai shayi inda masu yashi ke hutawa. Na yi sallama, aka matsa mini a benci. Da na faɗi abin da ke tafe da ni sai aka yi dariya, aka nuna wani saurayi da aka ce shi ne ango mai jiran gado.

Ya ce, “Malam, ai ni na gama da wannan tuni. Na yi gwaji, O ne ni, ba ni da matsala.”

Wani na gefensa ya ce masa ba wannan ake nufi ba. Musu ya kaure. Wasu na cewa O ya fi kowane jini kyau, wasu na cewa AA ake nema. Nan na gane ruɗanin farko. Rukunin jini daban, jinotayif daban. Rukunin jini, wato A da B da AB da O, shi ake dubawa idan za a yi wa mutum ƙarin jini. Jinotayif kuwa shi ne AA, AS, SS, AC ko SC, kuma shi ke faɗin abin da mutum zai gadar wa 'ya'yansa. Mai O yana iya zama AS bai sani ba.

Abin da ya ja hankalina shi ne babu ko ɗaya a teburin da ya ce gwajin haramun ne ko aikin banza. Kowa ya san wani gida da ke da mai sikila. Kowa ya taɓa jin kukan yaro cikin dare lokacin sanyi. Ƙorafinsu a wani wuri yake. Wani da ya ɗan girme su, wanda bai ce komai ba tun zamana, ya ajiye kofinsa ya ce:

“Malam, ni an fasa nawa. Na yi shekaru ina zuwa zance, manya sun shiga, an kai gaisuwa, an sa rana. Na sayar da ɗan maraƙina na haɗa lefe. Saura 'yan makonni aka ce mu je gwaji. Ni AS, ita AS. Wallahi ban ga laifin likita ba, ban ga laifin iyayenta ba. Amma me ya sa ba a gaya mana tun ranar da na fara sallama a ƙofar gidansu ba?”

Babu wanda ya amsa masa. Wannan tambayar ce ta bi ni duk inda na shiga a garin.

Bayan an sauko daga masallaci na nemi wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji da aka haɗa ni da ita. Ta shekara da shekaru tana wannan aiki. Na roƙe ta ta yi mini bayani yadda take yi wa mutanen ƙauye. Ta ce a cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi zuwa sassan jiki. A jikin mai SS wannan sinadarin yakan sa ƙwayar ta lanƙwashe ta yi siffar lauje, ta yi tauri, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi ke tashi. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jini ke yawan yin ƙasa, idanu su yi ruwan ɗorawa. Sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da zazzaɓin cizon sauro, da aikin wahala, su ne ke tayar da ciwon.

Lissafin gadon kuwa da goro take yin sa. Ta ce a ɗauka uba AS yana da goro biyu a aljihu, fari da ja, uwa AS ma haka. Duk cikin da aka samu, kowannensu zai sa hannu ba tare da ya duba ba ya ciro ɗaya. Fari da fari AA ne, fari da ja AS, ja da ja SS. Bayan nan a mayar da goron aljihu, ciki na gaba a sake cirowa. Saboda haka kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ba a cewa tunda na fari ya zo da ciwon, ukun da ke biye sun tsira. Wani gidan ya haifi shida babu mai ciwo ko ɗaya, wani gidan uku a jere.

Ta ƙara da abin da ya fi damunta. Wasu wuraren gwajin ba su da kayan aikin da ya dace, sai su ba mai AS takardar AA. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku, sakamakonsa yana iya ruɗarwa, domin jinin wani ne ke yawo a jikinsa. Akwai kuma masu zuwa su roƙa a sauya musu harafi ɗaya a takarda. Ta ce, “Malam, ba mugaye ba ne. Yara ne da aka bari sai da zuciya ta riga ta kamu, kuɗi ya fita, dangi sun ɗinka anko. A wannan lokacin kowa neman mafita yake.” Shawararta ita ce a yi gwajin a asibitin da hukuma ta yarda da shi, a kuma maimaita a wani wurin idan ana shakka.

Na tambaye ta dalilin da ya sa abin ya yi yawa a ƙasarmu. Ta nuna wajen kogi ta ce amsar tana cikin fadama. Tun a 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa yaran da ke AS sun fi jure wa mummunan zazzaɓin cizon sauro. Inda sauro ya yi yawa, masu AS suka fi rayuwa suka hayayyafa, gadon ya yaɗu. Yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da shi, kuma ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da sikila a ƙasar kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya. AS dai ba cuta ba ce. Kariya ce da kakanni suka bar mana, sai dai idan ta haɗu da irinta takan zama jarrabawa ga abin da aka haifa.

Washegari na kama hanyar Gaya zuwa jami'a. A wajen ƙofa, wurin masu sayar da abinci da masu buga takardu, na zauna da wasu ɗalibai. A nan babu mai rikita O da AA. Yawancinsu sun san harafinsu, wasu tun daga sakandare. Wani ɗalibin injiniya ya ce shi yanzu tambayar tana cikin gaisuwar farko, kafin a saba. Abokansa suka ce ba kowa ke da wannan ƙarfin halin ba, domin wata za ta ga kamar ka raina ta, ko ta ce tun yanzu ka fara lissafin 'ya'ya.

'Yan matan ne suka buɗe mini wani ɓangaren da ban hango ba. Ɗaya daga cikinsu ta ce, “Malam, nauyin ba ɗaya ba ne. Namiji idan an fasa, bayan wata biyu ya nemi wata. Mace kuwa sai unguwa ta ɗauka an fasa aurenta bayan gwaji, kuma ba wanda zai tsaya tambayar wane gwaji. Wasu ƙanjamau za su kawo a ransu.” Wata ta ce a garinsu iyaye mata kan ɓoye cewa 'yarsu AS ce, don kada manema su gudu, alhali AS da AA babu abin da zai hana su aure. Jahilcin da ke sa a ƙi gwaji, shi ne kuma ke sa a guji wanda gwajin bai ce a guje shi ba.

A cikinsu akwai wata siririya mai fara'a da ta bari sai da kowa ya gama sannan ta ce ita SS ce. Tana shekarar ƙarshe a karatunta. Tana shan maganinta, ba ta rabuwa da gorar ruwa, tana kwana cikin gidan sauro, lokacin hunturu kuma ba ta wasa da rigar sanyi. Ta ce tana goyon bayan gwajin ɗari bisa ɗari, domin ba ta fatan wani yaro ya ɗanɗani abin da ta ɗanɗana. Amma akwai maganar da ke ƙona mata rai, wato idan masu wayar da kai suka tashi jawabi sai su riƙa siffanta masu sikila kamar gawa mai tafiya. “Muna zaune a wurin fa, Malam, muna ji.” Ta tuna mini cewa mai SS tana iya auren mai AA, kuma 'ya'yansu duka AS za su zama. Dokar Kano ma ta hana tsangwamar masu sikila da masu ƙanjamau da masu ciwon hanta, sai dai wannan sashen bai shiga kunnen jama'a kamar yadda sashen takarda ya shiga ba.

Maganarta ta sa na tuna cewa ba mu kaɗai ne ke wannan lissafin ba. A can Saberiya, arewa maso gabashin Rasha, akwai al'ummar Sakha, waɗanda ake kira Yakut, mutum kimanin rabin miliyan, babban birninsu Yakutsk. Su ba sauro ne ya gadar musu ba. Zaman nesa da sauran jama'a da auratayya a tsakaninsu tsawon ƙarnoni ne ya sa wasu cututtukan gado suka yawaita, ciki har da wani nau'in kurumta. Uwa tana ji, uba yana ji, amma kowannensu yana ɗauke da gadon a ɓoye, sai a haifi kurma, kuma lissafin ɗaya cikin huɗun nan ne dai. Matasansu ma suna fuskantar tambayar ko su yi gwaji, da wanda za su gaya wa sakamakon. Kowace al'umma da abin da ta gada. Babu la'ana a ciki, babu abin kunya.

Da yamma wani abokin tafiya ya kai ni wani ƙauye a gefen Utai, gidan 'yar uwarsa. Dattijuwa ce, ta haifi tara, ta binne uku tun suna ƙanana, ɗaya kuma yana raye da ciwon. Ta shimfiɗa mana tabarma a zaure ta ce, “Ɗan nan, a zamaninmu wa ya san wani gwaji? Yaro ya kai wata shida sai hannu da ƙafa su kumbura, a ce amosani ne. Wani ya ce iska, wani ya ce maye. Da na biyu ya rasu aka fara ce mini mai wabi.” Auren zumunci aka yi mata da ɗan baffanta. Na san zumunci ba shi ke haifar da sikila ba, domin bare biyu ma suna iya zama AS, amma idan gadon yana cikin dangi, auren gida yana ƙara yiwuwar a haɗu.

Abin da ta sani yanzu, a layin asibiti ta koye shi: kuɗin mota zuwa Kano, neman mai ba da jini da tsakar dare, sayar da akuya don magani. Akwai maganin da ke rage tashin ciwon, ana kiran sa hydroxyurea, akwai na ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi, kuma suna taimakawa ƙwarai idan an samu a kai a kai. Warkewa gaba ɗaya sai da dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani sabon magani mai gyara ƙwayar halitta, kuɗinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya. Ga mai noma a gefen Utai, wannan labarin wata duniya ce. Ita dai ta yanke hukuncinta. Duk jikanta da ya tasa, sai an kai shi an duba jininsa kafin ya san menene zance. “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi,” in ji ta.

Kafin na bar garin na gaida wani limamin unguwa. Na ce, “Allah gafarta Malam, yaya kuke yi da takardar nan?” Ya ce ba ya ɗaura aure sai ya gan ta, kuma bai ga inda hakan ya saɓa wa tawakkali ba, domin addini ya yi umarni da riƙo da sababi da kawar da cuta. Ya tuna cewa tun auren zawarawa da Hukumar Hisba ta fara a 2012 ake gwada ma'aurata, haka ma auren gata na mutum 1,800 maza da 1,800 mata da aka ɗaura a Oktoban 2023, saboda haka jama'a sun fara sabawa tun kafin doka. Amma ya ce shi ne mutum na ƙarshe a layin. Lokacin da takarda ta iso hannunsa an riga an raba goro, waliyyi da wakili suna zaune a gabansa, masallaci ya cika. Wane ne zai miƙe a wannan lokacin ya ce a dakata?

Saudiyya ta riga mu ganin wannan. A 2004 ta wajabta gwajin sikila kafin aure, ta bar wa ma'aurata zaɓi bayan an yi musu bayani. A shekarun farko kusan tara cikin goma na waɗanda aka gaya wa akwai haɗari sun ci gaba da aurensu, domin gwajin yakan zo ne bayan an gama shirin komai. Sai da wayar da kai ta yi nisa sannan masu janyewa suka ƙaru.

Abin da na ji a Wudil, daga bakin kogi har ƙofar jami'a, bai bambanta ba. Matasa sun karɓi gwajin. Abin da suke tsoro shi ne lokacin da yake zuwa, da abin da mutane za su ce bayansa. Doka ta ajiye takardar a ƙofar masallaci, kuma ta yi daidai, amma kamata ya yi yaro ya san harafinsa shekaru kafin ya isa can. A gwada jarirai da kayan aikin da suka dace da su, domin wanda aka gano da wuri ya fi samun kulawa. A gwada 'yan ƙaramar sakandare da 'yan Islamiyya da almajirai, a zaunar da su a yi musu bayanin da za su gane, a nuna musu bambancin O da AA, a gaya musu cewa AS lafiyarsa ƙalau kuma SS ɗan uwansu ne mai haƙƙin karatu da aiki da aure. Iyaye kuma su mayar da tambayar cikin binciken da aka saba yi na asali da hali da sana'a, tun ranar da aka zo neman izinin zance, kafin a karɓi ko sisin kwabo. Idan an yi haka, rabuwar da za ta zo za ta zo da sauƙi, tsakanin gida biyu kawai, ba tare da lefe ko surutun unguwa ba.

Wannan ba ya jiran sabuwar doka ko kasafin kuɗi. Duk uban da ke da ɗa ko 'ya da ta kai shekara goma yana iya kama hannunta lokacin hutun makaranta ya kai ta asibiti, ya karɓi takardar, ya zauna ya fahimtar da ita abin da ke ciki.